Tsartuwa Mai Bin Bango da Yadda Guguwa Ke Tasowa a Cikinta

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya bi hanyoyin mota na kudancin Jihar Jigawa a ƙarshen damina, tsakanin Birnin Kudu da Kiyako da ƙasar Gwaram, idan ya tsaya a kan kwalbati ya leƙa ɓangarorin biyu, sau da yawa zai tarar ba su yi kama da juna ba. Ɓangaren da ruwa ke shiga yakan kasance lafiya lau, in ban da ɗan yashi da karmami da suka taru. Ɓangaren da ruwa ke fita kuwa, a nan ake samun rami, kuma ramin yakan fara ne daidai inda daɓen siminti ya ƙare. Wani lokaci ramin yakan ci gaba da cin ƙasa ta ƙarƙashin daɓen, har a wayi gari simintin yana reto babu abin da ya tokare shi. Daga nan sai ya karye, hanya ta bi shi, manomi ya rasa ta inda zai kai amfanin gonarsa kasuwa.

Abin da jama'a suka saba faɗa shi ne ruwa ne ya yi yawa, ko kuwa ɗan kwangila ne ya yi ha'inci. Kowanne daga cikin biyun yana iya zama gaskiya, amma bai amsa tambayar ba, domin ruwan da ya shiga shi ne dai ya fita, yawansa ɗaya ne. Me ya sa ɓarnar ta zaɓi ɓangare guda? A wannan babi za a yi bayani a kan wani nau'in gudun ruwa da iska wanda masana kimiyya suka daɗe suna nazari, wato gudun da ke fitowa da ƙarfi daga ƙuntataccen wuri ya bi jikin bango, da yadda yake rasa natsuwarsa ya haifi guguwa. Waɗannan guguwoyi su ne ke haƙa ramin.

Yankin da aka ambata wuri ne da ya dace da wannan nazari. Kudancin Jigawa yana zaune ne a kan tsohon dutse, kuma a wurare da dama dutsen ya fito fili, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, waɗanda aka fi sani saboda zane-zanen mutanen da da ke jikinsu. Dutse ba ya shan ruwa. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwan yakan gangaro a jikin dutsen da sauri, ya tarar da ƙasa mai yashi a gindinsa. Wannan haɗuwa ta wuri mai tauri da wuri mai laushi ita ce aka maimaita a bakin kowace kwalbati.

2.0 Ma'anar Tsartuwa Mai Bin Bango

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomin da za a yi amfani da su. Kalmar tsartuwa a nan tana nufin ruwa ko iska da ke fitowa da gudu daga wata kafa, ya kutsa cikin wani ruwan ko wata iskar da ke tsaye ko take tafiya a hankali. Kalmar bango an faɗaɗa ma'anarta ta ƙunshi duk wani abu mai tauri da gudun ke shafa, ko a tsaye yake ko a kwance, wato daɓe da falalen dutse da ƙasan kogi da doron ƙasa duk bango ne. Haka kuma kalmar guguwa, wadda Bahaushe ya saba jingina wa iskar nan mai juyawa da ke ɗauke ƙura da ganye lokacin bazara, an ara ta ga duk wani curin ruwa ko iska da ke juyawa a kan kansa, ƙarami ne ko babba.

Misali mafi bayyana shi ne na ƙofofin ruwa da ke magudanan noman rani na Kadawa da Kura, waɗanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Idan aka ɗaga ƙofar kaɗan, ruwa yakan tsartu ta ƙarƙashinta, ya bi ƙasan magudanar da gudu, alhali ruwan da ke samansa bai kai shi sauri ba. Wannan ita ce tsartuwa mai bin bango. Wani masanin lissafi na Jami'ar Mancesta a Ingila, M. B. Glauert, shi ne ya raɗa mata sunan da aka san ta da shi a Turance, a wata maƙala da ya buga a 1956, inda ya fitar da lissafin yadda saurinta ke raguwa da yadda kaurinta ke ƙaruwa yayin da take nisa da mafitarta.

Saurin irin wannan ruwa ya danganta ne ga tsayin ruwan da ke danne shi daga baya. Idan zurfin ruwan da ya taru a bayan ƙofa mita 1 ne, zai fito da saurin da ya ɗara mita 4 a daƙiƙa. Idan zurfin ya kai mita 5, saurin zai kusanci mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a sa'a. Idan aka tuna cewa ruwan da ya cika akwati mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya nauyinsa kilo 1,000 ne, za a gane irin ƙarfin da ake magana a kai. Kwalbati tana yin aikin wannan ƙofa ne ba da niyya ba: tana tattara ruwan da ya bazu a faɗin fadama, ta matse shi cikin ƙuntataccen bututu, ta sake shi a ɗaya ɓangaren yana tsartuwa.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta tsartuwa, wato idan ta kusanci bango takan manne masa, ko da bangon ya lanƙwasa. Dalili shi ne tsartuwa tana jan ruwa ko iskar da ke gefenta tana tafiya da su. A ɓangaren da babu bango, wata iskar takan zo ta cike gurbin wadda aka ja, amma a ɓangaren bango babu ta inda za a cike, sai matsin wurin ya ragu, matsin ɗaya ɓangaren ya tura tsartuwar ta jingina da bangon. Ana kiran wannan ɗabi'a da sunan Henri Coanda, injiniya ɗan ƙasar Rumaniya da ya yi aiki a kanta a shekarun 1930. Maginan Hausa sun san illar ruwa mai bin bango tun kafin a ba shi suna, shi ya sa suke tsawaita indararo domin ya jefa ruwan soro nesa da gini, suke yaɓe bango da makuba, sa'an nan suke jera duwatsu inda ruwan ke sauka. Gidan da indararonsa ya karye a damina, gindin bangonsa ne ke fara zaizayewa.

3.0 Shimfiɗu Biyu a Gudu Ɗaya

Abin da ya bambanta tsartuwa mai bin bango da sauran nau'o'in gudu shi ne tana goguwa da abubuwa biyu mabambanta a lokaci guda. Daga ƙasa tana goguwa da bango, daga sama kuma tana goguwa da ruwan da ke tsaye. Saboda haka idan aka auna saurinta daga jikin bango zuwa sama, za a ga ya fara daga sifiri, ya hau da gaggawa zuwa ƙololuwa a ɗan taƙin da bai taka kara ya karya ba, sa'an nan ya riƙa sauka sannu a hankali har ya sake komawa sifiri. Daga bango zuwa ƙololuwar ana kiransa shimfiɗar ciki, daga ƙololuwar zuwa sama kuma shimfiɗar waje.

Mai karatu zai iya mamakin jin cewa ruwan da ke taɓa bango ba ya motsi ko kaɗan, komai saurin na samansa. Amma shaidar haka tana rataye a rufin ɗakuna da yawa: fukafukan fanka suna yini suna sarar iska, duk da haka ƙura na kwance a jikinsu, domin iskar da ke manne da su tare suke tafiya, ba ta share su. Masanin nan Bajamushe, Ludwig Prandtl, shi ne ya bayyana muhimmancin wannan siririyar shimfiɗa ta jikin bango a wani taron masana lissafi da aka yi a Heidelberg a 1904, kuma a kan bayaninsa aka gina yawancin ilimin ƙera jiragen sama.

Bango yana takura wa tsartuwa, ya hana ta bazuwa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa tsartuwa mai bin bango tana ƙara kauri da kimanin santimita 7 a kowace mita da ta yi, alhali wadda ba ta jingina da komai ba takan ƙara kimanin santimita 10. Ma'anar haka a aikace ita ce tana riƙe ƙarfinta zuwa nesa, kuma tana riƙe shi ne a kusa da ƙasa, inda ya fi yin ɓarna.

4.0 Yadda Natsuwa Ke Gushewa

Duk wanda ya taɓa zuba ido ga hayaƙin turaren wuta a ɗakin da babu iska ya ga abin da za a bayyana a nan. Hayaƙin yakan tashi siriri, a miƙe, kamar zare. Bayan ɗan taƙi sai ya fara karkarwa, sai ya nannaɗe, daga bisani ya hargitse gaba ɗaya. Matakai uku ke nan: gudu a natse, da karkarwa, da gudu a hargitse. Rashin tabbatuwar gudu, a harshen masana, yana nufin halin da ɗan ƙaramin motsi ke girma da kansa maimakon ya lafa.

A shimfiɗar waje abin yake farawa. A ɗauka ruwa mai sauri yana ƙasa, mai tsaye yana sama, kuma iyakar da ke tsakaninsu ta ɗan lanƙwasa saboda wata 'yar girgiza. Inda lanƙwasar ta shigo cikin hanyar ruwa mai sauri, hanyar ta ƙuntata, ruwan ya ƙara sauri domin ya wuce, kuma ƙa'ida ce da aka sani tun daga aikin Daniel Bernoulli na 1738 cewa inda sauri ya ƙaru matsi yakan ragu. Raguwar matsin sai ta ƙara jawo lanƙwasar ciki, hanyar ta ƙara ƙuntata, saurin ya sake ƙaruwa. Wato kowane mataki yana ciyar da na gaba. Daga ƙarshe ruwa mai sauri yakan ja bakin lanƙwasar ya yi gaba da shi, iyakar ta nannaɗe kamar tabarma. Hermann von Helmholtz a 1868 da Lord Kelvin a 1871 su ne suka fara yin bayanin wannan al'amari, kuma da sunayensu biyu ake kiransa. Kwatanci mafi sauƙi shi ne na mace mai burga miya: tafin hannu ɗaya ya yi gaba, ɗaya ya yi baya, maburgin da ke tsakaninsu ba shi da zaɓi sai juyawa. Duk inda shimfiɗu biyu na ruwa suka saɓa wa juna a sauri, abin da ke tsakaninsu maburgi ne.

Akwai abin da ke ƙoƙarin hana wannan, wato danƙon da ke cikin ruwan kansa. Zuma da man ja suna da danƙo mai yawa, shi ya sa ake tsiyaya su lami lafiya ba tare da sun hargitse ba. Osborne Reynolds, shi ma a Mancesta, ya nuna a 1883 cewa rinjaye tsakanin sauri da danƙo ana iya auna shi da lamba guda. Ya zura siririn zaren rini a cikin ruwan da ke bin bututun gilashi, ya riƙa ƙara saurin ruwan har zaren ya watse. Ana samun lambar ne idan aka ninka sauri da kaurin gudun, aka raba da ma'aunin danƙo. A cikin bututu, gudu yakan zauna a natse muddin lambar ba ta wuce kimanin 2,000 ba. Tsartuwa mai bin bango kuwa ta fi haka rauni ƙwarai, domin lissafi ya nuna tana fara karkarwa tun lambar ba ta kai 100 ba. To, ruwan da ke fita daga kwalbati da kaurin santimita 10 da saurin mita 2 a daƙiƙa, lambarsa ta kai wajen 200,000. Saboda haka a fili, a lokacin damina, ba a ma maganar ko zai hargitse. A hargitse yake fitowa.

Abin da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne abin da ke gudana tsakanin shimfiɗun biyu. Guguwoyin shimfiɗar waje suna juyawa ne kamar taya mai komawa baya, domin ƙasansu ne ke sauri. Idan ɗaya daga cikinsu ta girma ta ratsa, takan taɓa shimfiɗar ciki, ta sa ta tattaru ta haifi tata guguwar a jikin bango. Ita wannan ta biyu juyinta kishiyar na farko ne, kamar tayar keke mai tafiya gaba, domin samanta ne ke sauri, ƙasanta na manne da bango. Guguwa biyu masu juyi mabambanci idan suka haɗu ba sa kashe juna, ɗaya takan tura ɗaya su tafi tare. Ana iya ganin haka idan aka ja ludayi a cikin ƙwarya cike da ruwa aka ɗaga shi: ƙananan ramuka biyu za su bayyana a saman ruwan, su ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa bayan ludayin ya fita. A tsartuwa mai bin bango, tagwayen nan sukan ɓalle daga jikin bangon su yi sama. Bajura da Catalano sun nuna wannan a gwajin da suka buga a 1975, inda suka bi matakan ɗaya bayan ɗaya: guguwoyi su kafu, su haɗu bibbiyu su ƙara girma, su ɗaga daga bango, su tarwatse, sa'an nan gudun ya dawo ya sake mannewa.

An daɗe ana zaton idan gudu ya hargitse to babu sauran tsari a cikinsa. Hotunan da Brown da Roshko suka fitar a 1974 a Amurka sun rushe wannan zato, domin sun nuna manyan guguwoyi na nan jere, suna bin juna, a tsakiyar hargitsin. Wannan batu yana da muhimmanci fiye da yadda ake tsammani. Ma'anarsa ita ce ƙarfin da ruwa ke ɗora wa ƙasa ba daidai yake ba a kowane lokaci. Zuwa yake yi bugu-bugu. Kowace guguwa da ta wuce takan danna ƙasa, sa'an nan ta tsotse ta, kuma tagwayen da ke ɓallewa su yi sama ba sa tafiya hannu rabbana, da yashi suke tashi. Injiniyan da ya yi lissafinsa da matsakaicin saurin ruwa kawai ya yi kama da mai auna zafin bulala ta hanyar haɗa lokacin duka da lokacin hutu.

5.0 Ramin Bayan Daɓe

Yanzu ana iya komawa ga tambayar da aka fara da ita. A ɓangaren shiga, ruwa yana taruwa ne, yana tafiya a hankali, har ma yana ajiye yashin da ya ɗauko. A ɓangaren fita kuwa ya zama tsartuwa. Muddin yana kan siminti, guguwoyinsa ba su da abin ɗauka. Da zarar daɓe ya ƙare sai su tarar da ƙasa, kuma su tarar da ita da yunwa, tun da ruwan ya sauke kayansa a baya.

Dangantakar sauri da ɗaukar kaya ba ta kai-tsaye ba ce. Idan saurin ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin jan da yake yi wa ƙasa yakan ninka sau huɗu, nauyin dutsen da zai iya mirginawa kuwa, bisa wata tsohuwar ƙa'ida ta injiniyoyin ruwa, yakan ninka har sau 64. Shi ya sa ruwan sama guda ɗaya na watan Agusta yake iya yin ɓarnar da damina uku ba su yi ba.

Da rami ya fara samuwa, sai ya canza gudun ruwan, gudun kuma ya ƙara canza ramin. Tsartuwar takan lanƙwasa ta bi gangaren ramin saboda ɗabi'ar mannewa da aka ambata, ta daki ƙasansa, ta kwashe yashi ta tara shi tudu a gaba. Tsakanin tsartuwar da bakin daɓe kuma sai wata babbar guguwa ta zauna, tana juyawa baya, tana lasar ƙasar da ke ƙarƙashin simintin. Ita ce ke barin daɓe yana reto. Har ila yau, idan akwai tsaga a jikin simintin, matsin ruwa yakan kutsa ta ciki ya taru a ƙarƙashi, ya ɗaga falalen daga ƙasa. Manyan ayyuka ma ba su tsira ba. A watan Fabrairu na 2017 haka ta faru ga magudanar madatsar Oroville a Kalifoniya, har aka kwashe mutane kimanin 188,000 daga gidajensu. A madatsar Kariba da ke kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wadda aka kammala a 1959, ruwan da ake saki daga ƙofofi ya haƙa rami mai zurfin kimanin mita 80 a cikin dutse, abin da ya sa aka fara aikin gyaran ramin a 2017 don kada ya ci gindin madatsar.

Maganin ba ya cikin ƙara kaurin siminti kaɗai. Abin da ake nema shi ne a sa ruwan ya ƙarar da ƙarfinsa tun yana kan wuri mai tauri. Don haka ake gina kwarmi a bakin fita domin ruwan ya yi tsalle ya tafasa a ciki, ake dasa tubalan kankare a kan daɓe domin su farfasa manyan guguwoyi su zama ƙanana, ake nutsa katanga a ƙarshen daɓen zuwa zurfin da rami ba zai kai ba, sa'an nan ake shimfiɗa manyan duwatsu ko kwandunan waya cike da duwatsu a gaba. Waɗannan sassa su ne ido bai cika gani ba ranar buɗe hanya, kuma abin takaici su ne aka fi saurin tsallakewa idan kuɗi sun gaza.

Akwai wani haɗari a nan da ya shafi rai kai-tsaye. Idan ruwan da ke bayan kwalbati ko ƙaramar madatsa ya yi zurfi, tsartuwar takan nutse ta bi ƙasa, ruwan sama-sama kuma ya riƙa gudu baya, yana komowa wajen ginin. Wanda ya faɗa ciki, ruwan sama zai mayar da shi bakin ginin, tsartuwar ta danna shi ƙasa, ya taso a gaba kaɗan, a sake mayar da shi. Bugu da ƙari, ruwan wurin cike yake da kumfa, ba ya ɗaukar jiki kamar ruwa na sosai. Iya iyo ba ya fitar da mutum daga irin wannan wuri cikin sauƙi, kuma shi ne wurin da ya fi jan hankalin yara saboda zurfinsa. Malamin makaranta da ya fahimci wannan yana da abin da zai gaya wa ɗalibansa kafin hutun damina.

6.0 Iskar Hadari

Ba ruwa kaɗai ke bin wannan ƙa'ida ba. Mutanen ƙasar Hausa sun san iskar nan mai sanyi da ke zuwa kwatsam gabanin ruwan farko, tana tura bangon ƙura a gabanta. Asalinta shi ne iska mai sanyi da nauyi da ke faɗowa daga cikin hadari. Idan ta daki ƙasa ba ta da hanyar wucewa, sai ta bazu ta kowace fuska tana bin doron ƙasa, kamar ruwan famfo da ya sauka a tsakiyar faranti. Tsartuwa mai bin bango ke nan, ƙasa ce bangonta. A goshinta akwai wata babbar guguwa mai siffar ƙawanya da ke mirginawa, kuma a ƙarƙashin wannan ƙawanya iskar ta fi ƙarfi, a tsayin da bai fi na dogayen itatuwa da gine-gine da yawa ba.

A rubutun Hausa, lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi ta raba hadari da haɗari, kuma birnin Kano ya ga ranar da suka haɗu. A ranar 24 ga Yuni, 1956, shekarar da Glauert ya buga maƙalarsa, wani jirgin fasinja na kamfanin BOAC na Birtaniya, samfurin Argonaut, wanda ya taso daga Legas zai je Landan, ya tashi daga filin jirgin saman Kano da yamma yayin da hadari ke haɗuwa. Jim kaɗan da tashinsa ya shiga ruwa mai ƙarfi, saurinsa ya faɗi, ya kasa hawa, ya daki itace ya kama da wuta. Mutane 32 daga cikin 45 da ke ciki suka rasu. Masu bincike sun danganta abin ga juyewar iska farat ɗaya a cikin hadarin.

Yadda hakan ke kayar da jirgi yana fitowa ne daga siffar tsartuwar. Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne saurin iskar da ke ratsa fukafukansa. Jirgin da ya tunkari wurin da iska ke faɗowa zai fara cin karo da iskar da ke fuskantarsa, wadda ke ƙara masa ɗagawa. Yana kaiwa tsakiya sai iska ta danno shi daga sama. Yana wucewa kuma sai ya tarar da iskar da ke binsa a baya, ɗagawar ta ragu a lokacin da yake kusa da ƙasa. Duk wannan yana faruwa cikin ƙasa da minti guda. Sai bayan shekaru 19, a wata ranar 24 ga Yunin ta 1975, da wani jirgi ya faɗi a Niyok ta irin wannan hanya, Tetsuya Fujita na Jami'ar Shikago ya fito da cikakken bayanin wannan iska, ya kuma nuna cewa mafi haɗarinta ƙarama ce, faɗinta bai kai kilomita 4 ba, kuma mintoci kaɗan take yi ta gushe. A Nijeriya, rahoton binciken jirgin da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba, 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa, ya ambaci sauyin iska kwatsam cikin abubuwan da suka haddasa faɗuwar.

A ƙauye, inda babu jirgi, rufin kwano ne ke karɓar bugun. Iskar na isa bakin rufi sai ta rabu da shi, guguwa ta nannaɗe a kan gefen da ke fuskantar iskar, musamman a kusurwa, matsin saman kwanon ya faɗi, na cikin ɗaki ya tura shi sama. Shi ya sa yaye rufi yake farawa daga kusurwa da baki, kuma a can ne ƙusa da ɗauri suka fi bukatar yawa. Rufin soro mai rawani a kewaye ba shi da bakin da iska za ta kama.

Fujita ya fara gane wannan iska ne daga kallon yadda itatuwa suka faɗi, yana duba su daga jirgin sama bayan manyan guguwoyin da suka afka wa Amurka a watan Afrilu na 1974. Ya lura cewa a wasu wurare itatuwan ba a murɗe suke ba, sun kwanta ne suna nuna waje daga wuri guda, kamar haƙarƙarin lema. Manomi a Kiyako na iya yin irin wannan karatu a gonarsa da safe bayan hadari. Idan karan dawa ya kwanta a murɗe, wani ya nufi gabas wani ya nufi yamma a siririn layi, guguwa ce ta ratsa. Idan kuwa ya kwanta a baje kamar maficin kaba, duk kawunan suna guje wa wuri ɗaya, to iska ce ta faɗo daga sama ta bi ƙasa, kuma idan ya bi gindin karan a baya zai kai ga inda ta sauka.